Ƙwayar Masarar Da Ban Ajiye Ba

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan ina zaune a gindin darbejiyar bakin kotu a Mubi, ina buga wa mutane takardar rantsuwa. Sunana Zira, mutumin Michika ne ni, amma rabin garin nan Baba Mai Tafireta suke kirana, har waɗanda ba su taɓa ganin tafireta da idonsu ba. Ku samarin da kuka zagaye ni yanzu da kwamfuta da janareta, na ji abin da kuke faɗa. Wai aikin nan ba komai ba ne, takarda ce ɗaya a ajiye cikin na'ura, a goge sunan wancan a sa na wannan, a danna ta fito. Makon jiya ma na ga wani cikinku ya miƙa wa wata tsohuwa takardar shekarun haihuwa da sunan wani direba a layi na uku, yana dariya yana cewa zai sake. To, ku saurara, domin akwai takardar da ba a sake ta.

Wurin Malam Hammadu na koyi aikin, wani Bafulatani dogo mai ƙarancin magana wanda ya yi akawun kotu kafin ya yi ritaya ya kafa tebur a nan. Wata shida ban taɓa tafiretarsa ba. Aikina jera takardar kabon tsakanin farare, da goge haruffa da tsohon burushin haƙori, da juya ribon idan ya fara dusashewa. In ka buga kuskure a kan kwafi uku babu gogewa, sai dai ka yage ka faro daga sama, shi kuwa yana kallonka, kuma kallon nan ya fi zagi ciwo. Abu ɗaya yake maimaita min: duk takardar da aka miƙo maka, karanta ta har ƙarshe, ka juya bayanta, ko da mai ita yana tsaye a kanka yana huci. Na ji, na ce to, kamar yadda ku ma kuke ce min to.

Takardar canjin suna da ta ɓatan katin shaida ba su da wuya. Mai wuyar ita ce ta dangantaka, kuma a nan na yi suna. Garin nan doka uku ke zaune a layi ɗaya. Musulmi zai zo da 'yar baffansa a ɗaura musu aure kowa yana murna, abin da ake bincika kawai ko nono ɗaya suka sha. Mu kuwa mutanen dutse, yarinya ko ba ka taɓa ganin ta ba, in an bi aka tarar gida ɗaya kuka fito, dattawa za su tashi su kaɗe rigunansu, magana ta mutu. Ga kuma na rajista, masu liƙa sanarwa a allo su jira ko wani zai zo ya ce bai yarda ba. Kowanne da irin tambayar da ake masa, kuma in ka yi wa wannan tambayar wancan ka ɓata.

Ina da gwangwanin madara cike da ƙwayar masara, ga shi nan har yau a ƙarƙashin tebur. Daga wurin kakana na ɗauko dabarar. In za a bi asalin mutum a ƙauyenmu, tsofaffi kan zauna a kan dutse, a ambaci uba a ajiye ƙwaya, a ambaci kaka a ajiye ta biyu, haka har a kai inda ƙwaƙwalwa ta tsaya. Da masarar nan na raba rikicin gona tsakanin gidaje biyu a Kolere, waɗanda suka iso da laka har gwiwa cikin damina suna zagin juna, suka koma a mota ɗaya. Fastoci sukan turo min saurayi da budurwa in bi musu layi kafin a sa rana. Aka riƙa cewa Zira ba ya kuskure a lissafin kakanni, ni ma na yarda da hakan, kaina ya yi girma.

Wata Talata da safe, a shekarun da ba a san wayar hannu ba, Ramesh ya zo teburina. Ba'indiye ne, amma a Mubi aka haife shi. Mahaifinsa ya zo koyar da lissafi a sakandare, da aikin ya ƙare ya ƙi komawa, ya buɗe shagon kayan injin niƙa da famfon ban ruwa. Ramesh ya tashi cikinmu, Hausarsa irin ta kasuwar nan ce, Fulatanci kuwa ya fi ni. Kowa ya san hannunsa baƙi ƙirin da man inji, amma ranar ya wanke su tas, ya sa farar riga mai guga, yana rungume da wani littafi naɗe cikin jan ƙyalle.

Ya zauna a benci ya ba ni labari. Da mahaifinsa ya rasu, shi ya kai tokar gawarsa ƙasarsu kamar yadda addininsu na Hindu ya ce, mahaifiyarsa kuwa ta riga mijin tafiya da daɗewa. Ya yi wata uku a can wurin dangi, a nan ya ga wata yarinya, Sunita. Ya ciro hotonta daga aljihu ya nuna min, siririya mai tabarau, tana riƙe da laima. Shekara biyu suna musayar wasiƙa. Ta yarda za ta zo Mubi, har tana tambayarsa ko gyaɗar nan ta kai ta garinsu daɗi. Matsalar ɗaya ce, su biyun dangi ne na nesa ta wajen uba, kaka ɗaya suka haɗa can sama.

Mahaifin yarinyar ya rubuto cewa tsofaffin gidansu suna gunaguni, amma shi doka zai bi. Dokar aurensu ta hana mutum biyu yin aure idan kakan da suka haɗa yana cikin hawa biyar ta wajen uba, ko hawa uku ta wajen uwa, ga kowannensu. A gefen yarinyar sun riga sun ƙirga, kakan yana cikin biyar. Saura gefen Ramesh, kuma littafin da ke da sunayen layinsa babu shi a can, mahaifinsa ya taho da shi Nijeriya. In kakan ya wuce biyar a gefensa, aure ya halatta. Abin da ake so shi ne ya je kotu ya rantse a kan haka, a buga hatimi, ya aika. An haɗo masa da kwafin shafin dokar, fotokwafi mai dishi-dishi, an ja jan layi a ƙarƙashin lambobin nan biyu.

Ya ce shi lissafin inji ya sani, Turancin lauyoyi ya fi ƙarfinsa, kuma duk wanda ya tambaya a kasuwa sunana ake ba shi. Na karɓi takardar na duba. Idona ya sauka a kan jan layin, biyar ta uba, uku ta uwa. Jimlar ba ta ƙare a nan ba, ta gangara ƙasan shafin inda tawada ta dushe, ta zarce bayansa. Amma ni na riga na ga abin da nake nema. Mutum huɗu ke jira a benci, ga kuma Ba'indiye ya tsallake lauyoyin gari ya zo wurina, abin ya yi min daɗi. Na kife takardar a gefe na jawo gwangwanina.

Ya warware jan ƙyallen ya buɗe littafin. Rubutunsu ne, mai kama da tufafi a kan igiyar shanya, kuma shi ma da ƙyar yake haɗa shi, yana bin sa da yatsa. Ya karanto sunan mahaifinsa, na ajiye ƙwaya. Ya karanto na kakansa, na ajiye ta biyu. Uku. Huɗu. Da ya zo suna na gaba sai ya tsaya, ya ce wannan shi ne kakan da suka haɗa da Sunita. Na ajiye ta biyar a kan teburin, na jera su da kyau.

Ya daɗe yana kallon masarar. Sannan ya ɗago ya ce, "Malam Zira, ni fa? Ba a sa mini nawa ƙwayan?"

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, har na juya ina neman waɗanda ke benci su taya ni. Na ce, "Kai kakan kanka ne? A ina ka taɓa jin mutum ya ƙirga kansa cikin iyayensa?"

Bai yi gardama ba. Ya roƙe ni a hankali ko akwai yadda za a rubuta abin ya wuce, ya ce babu wanda zai zo daga can ya duba littafin. Nan na hau shi da wa'azi. Na ce tafiretata ba ta taɓa buga ƙarya ba, ba zan tura shi gaban kwamishinan rantsuwa ya ɗaga hannu a kan abin da ba haka ba, kuma auren da aka ɗora a kan ƙarya 'ya'yan cikinsa ne ke shan wahalarsa. Na faɗi wannan ina jin kaina mutumin kirki. Ya naɗe littafinsa, ya ce useko, godiyar Fulatanci, ya tafi. Fotokwafin ya bar shi a teburina, na jefa shi cikin akwatin tsofaffin takardu, na kira na gaba.

Daga baya na ji cewa ya rubuta musu layi biyu kawai, cewa an ƙirga, kakan yana cikin biyar. Uban yarinyar da ma ba ya ɗokin tura 'yarsa wata duniya, bai nemi ganin sunayen ba. Ramesh ya koma shagonsa da baƙaƙen hannuwansa. Bai daina zuwa wurina ba. Ni na buga masa takardar haya, ni na buga ta sabunta izinin zama, duk Kirsimeti ya aiko min da alawar madara irin tasu. Shekara ta bi shekara, sa'o'insa suka aurar da 'ya'ya, shi yana nan a gidan mahaifinsa a Lokuwa shi kaɗai. In na gan shi nakan ce a raina, Allah sarki, doka ba ta da tausayi.

Sai shekarar gudu ta zo, wadda 'yan bindiga suka ci garin nan. Ba sai na ba ku labarinta ba, wasunku kuna yara kuka bi iyayenku mata kuka haye duwatsu. Ni da iyalina ƙafa muka taka har muka faɗa Kamaru, daga can muka zagayo Yola, muka yi watanni muna kwana a ajin makaranta. Da muka dawo, ɗan kagon katakon da nake ajiye kaya an fasa shi. Tafiretar Malam Hammadu, wadda ya bar min da zai rasu, na same ta a cikin kwata an fasa ta da dutse, haruffan sun watse. Takardun shekara talatin suna warwatse a ƙasa, an tattake wasu, awaki sun ci wasu. Kotu a rufe, gari shiru, babu mai neman canjin suna. Waɗanda suka fara zuwa daga baya duk takardar shaidar mutuwa suke so, da hannu nake rubuta musu a kan gwiwata.

Da yake babu aiki, sai na riƙa zama ina tsince takardun ɗaya bayan ɗaya, ina karkaɗe su, ina karantawa don kashe lokaci. A haka fotokwafin nan ya faɗo hannuna, da sawun takalmi a kansa, jan layin yana nan. Wannan karon ba mai jira a benci. Na bi jimlar har ƙasan shafin, na kai ta cikin rana don in ga inda ya dushe, na juya bayanta. Abin da ragowar ke cewa shi ne, in za a ƙirga, daga shi mai neman auren ake farawa, shi ne hawa na farko.

Gwangwanina yana nan, ba wanda ya kula da shi. Na zazzage shi a ƙasa. Na ajiye ƙwaya ɗaya na ce Ramesh. Na ajiye ta uba, ta kaka, na ci gaba har kakan da suka haɗa. Shida. Na kwashe na sake, shida. Na sake har sau huɗu kamar wani zai zo ya canza min. Yarinyar nan halal ɗinsa ce tun ranar, a dokarsu, a takardar da ke kife a gefen hannuna. Shi da bai san komai ba ya yi tambayar da ta dace, ni gwani na mai da shi abin dariya. Kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba, ko lokacin da nake bin layin karɓar abinci a Yola.

Kwana tara ina ɗauke da takardar a aljihu. Na ce ko in ƙona ta, wa ya sani? A rana ta goma na hau keke napep zuwa Lokuwa da hantsi. Na same shi a tsakar gida, ya shimfiɗa buhu yana ware ƙusoshi da 'yan ƙarafan da ya tono daga tokar shagonsa, domin shi ma an ƙone masa. Gashinsa ya yi fari fat. Ya ba ni kujera, ya kawo ruwa. Ban iya doguwar gaisuwa ba, na ciro takardar na nuna masa bayanta, na ce masa kuskure na yi, shida ne ba biyar ba, ƙwayarsa da ya tambaya ya kamata in ajiye.

Bai karɓi takardar ba. Ya ci gaba da goge wani ƙarfe da tsumma, ya ce, "Na sani, Malam Zira."

Na ce ya sani tun yaushe.

"Bayan shekara biyu. Wani ɗan'uwanmu lauya ya zo Legas, na kai mishi littafin, ya ƙirga da yatsa a gabana. Lokacin yarinyan ya riga ya yi aure, har da goyo."

Na tambaye shi me ya sa bai zo ya faɗa min ba, ko ya zage ni, ko ya kife min tebur a gaban jama'a. Shekara goma sha yana kawo min aiki, yana aiko min da alawa, ni ina ci.

Ya ce, "In na zo, wane takarda za ka buga mini a kai?"

Ya ce shi ma da laifinsa, yana da ido, yana jin Turanci, ya bar takardar a tebur don ba ya son sake ganin ta. Ya ce in sha ruwana. Na sha, na tashi, ya raka ni har bakin titi kamar kullum. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi, wannan kam na sani.

Na sayi wata tsohuwar tafireta daga hannun wani ɗan Michika, ita ce wannan da kuke wa dariya. Tun daga lokacin ba na karɓar takarda ban juya bayanta ba. Kun sha ganin mutane suna tashi daga bencina cikin fushi suna komawa wurinku don na cika jinkiri, kuna murna. Ku yi ta murna. Kuma duk wanda ya zo da maganar dangantaka, kafin in buɗe gwangwani sai na tambaye shi ta wace doka za a ƙirga, kuma daga wa ake farawa a wurinsu. Yadda kakana ya ƙirga daidai ne a kan dutsen ƙauyenmu, amma ba duk duniya ce ke zaune a kan dutsen nan ba. Sau uku kacal aka sake kawo min aiki irin na Ramesh a tsawon shekarun nan, duka ukun na tura su wurin lauya, na ce su dawo in buga musu abin da ya faɗa.

Bara da kaka Ramesh ya sake zuwa. Yana dogara sanda yanzu, ciwon suga ya taɓa masa ƙafa. Asibitin da zai je a yi masa aiki sun ba shi fom, suna kuma son takardar rantsuwa mai nuna wanda za a nema in wani abu ya faru, da wanda zai karɓi gidan. Yana iya zuwa wurinku, minti biyar ya gama. Ya wuce ku duka ya zauna a bencina. Na saka takarda uku da kabon, na buga sunansa, da shekarunsa, da unguwarsa. Na zo layin magaji na tsaya, na ɗora yatsu a kan haruffa ina jira.

Bai ba ni suna ba. Ya sunkuya da ƙyar, ya jawo gwangwanin daga ƙarƙashin tebur, ya zaro ƙwaya ɗaya ya ajiye a gaban tafiretar.

Ya ce, "Ga nawa, yau na sa da kaina. Na sama duk sun tafi. Na ƙasa kuma babu. Ka bar wurin haka."

Na murza takardar na tsallake layin, na ci gaba da bugawa. Kwafi na uku yana cikin akwatin nan. Duk wanda ke ganin aikin nan goge suna ne a sa wani, ya zo in nuna masa layin, ya faɗa min sunan da zai sa.